Lambar Baba Ta Koma Roni

Gidan Jauro, Kanya Babba,
24 ga Afrilu, 2024.

Yaya Musaddiƙ,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka na kara, kasuwar shanu. Mu nan lafiya lau, sai zafi, ko kaji ba sa barin gindin rumbu. Inna tana gaishe ka. Ciwon gwiwarta ya yi sauƙi, har ta koma tatsa da kanta duk da mun hana ta. Maigidana Sama'ilu yana gaisuwa, yara ma kullum sai sun tambaye ka.

Na san za ka yi mamakin ganin wasiƙa. Ni ma rabona da rubuta ta gaske tun ina sakandare, sai dai wadda nake koya wa 'yan ajina a kan allo. Mako uku ke nan ina hawa tudun bayan makarantarmu, inda kaɗai sabis yake tsayawa, ina kiran lambarka, matar nan ta cikin waya tana ce mini ba za a same ka ba. Sai jiya da Halliru direba ya dawo daga kai shanu Legas ya ce ya gan ka ras, layinka ne aka rufe. Shi zai kawo maka wannan. Ko da layin yana aiki ma, maganar ta fi ƙarfin minti biyu a tsaye cikin rana.

Maganar Baffa Daudu ce. Shekara takwas ke nan da ya kaɗa shanunsa ya shiga Nijar bayan saɓaninsu da Baba a kan gonar fadama. Ka san ba shi da tsayayyen layi, yau wannan gobe wancan, ba mu taɓa riƙe lambarsa ba. Shi ne ya haddace ta Baba, duk Sallah ya kira su gaisa a taƙaice kamar baƙi. Ka kuma tuna abin da Baba ya bar wa Inna kwana biyu kafin ya cika: a gaya wa Daudu gonar tasa ce, ya yafe masa, shi ma a roƙa masa gafararsa. Wata goma sha biyar saƙon nan yana hannun Inna, ba ta da inda za ta kai shi.

A ƙaramar Sallar bara mun ciro wayar Baba daga adaka, muka kunna ta yini biyu, ba kira. Kafin babbar Sallah batirin ya kumbura. Na ce zan sayo wani, haihuwar Muhsin ta zo, abin ya fita daga raina. A Sallar nan da ta wuce na sa layin a wayata, ko sanda ɗaya bai kawo ba, na ɗauka sabis ne ya yi halinsa.

Ranar kasuwar Babura Sama'ilu ya haɗu da wani dillali mutumin Magarya da ya san Baba. Bai ma ji rasuwar ba sai a bakin Sama'ilu. Ya ce ya ga Baffa a bakin wata rijiya can arewa da Damagaram, ya rame, ya yi furfura. Baffa ya gaya masa ya kira yayansa ranar Sallah, wata mace ta ɗauka, ta ce ba ta san shi ba, kada ya ƙara kiran lambar, har da baƙar magana. Wai Baffa ya ce ya gane, gidan ya gama da shi. Daga nan ya yi gaba da shanunsa, dillalin bai san inda ya nufa ba.

Yaya, Baffa bai san yayansa ya rasu ba. Da Inna ta ji, sai ta ce, "Yanzu Daudu yana can yana ganin ni ce na zage shi?" Kwana uku ke nan tuwo ba ya wuce loma biyu a bakinta.

Kai ne kake sa wa layin kati a da. Ko ka san yadda aka yi ya faɗa hannun wata? Ka ba Halliru amsa.

Ƙanwarka,
Zubaida.

*

Kara, Legas,
6 ga Mayu, 2024.

Zubaida,

Wa alaikumus salam. Saƙonki ya iso, na ji daɗin jin kuna lafiya. Ni ma lafiya ƙalau, sai mura da ruwan nan na Legas ya sa mini, ta kusa sakina. Ki durƙusa ki gaishe mini da Inna, ki ce na roƙe ta ta ci abinci. Ki gaida Malam Sama'ilu da yara.

Labarin layina abin dariya ne in ba a kanka ya faɗa ba. A katin ɗan ƙasa an rubuta sunana Musaddiq, wanda ya yi mini rajistar layi kuma ya rubuta Musadik. Kwamfuta ta duba ta ce mutum biyu ne. Kwana uku ina sammako ina bin layi, da na isa gaban matar da ke kan tebur, ta dube ni ta dubi hotona, ta yarda ni ne, amma ta ce sai na je kotu na yi rantsuwa cewa ni ne ni. Na yi rantsuwar, na kai takarda, an ce in jira.

Sai maganarki. Na karanta wurin nan har sau huɗu, inda kika ce ni nake sa wa layin kati. Na ji. Gaskiya ne na daina sawa bayan sadakar arba'in, don duk lokacin da na buɗe wayata na ga "Baba" sai in rufe ta in ajiye. Amma wayar a hannunku take, ni ina nan nisan kwana biyu a mota. Ban yi zaton za a ɗora mini ba.

Wani mai gyaran waya a nan ya yi mini bayani. Ya ce layin da ya daɗe ba a kira ba a sa kati, kamfani yana karɓe lambar ya sake sayar da ita ga wani, kamar rumfar kasuwa in mai ita ya daina zuwa. Ke nan abin da ke hannunki yanzu guntun roba ne kawai.

Dole in gaya miki na yi wata ɓarna. Ranar da wasiƙarki ta zo na ari wayar maigidanmu Alhaji Maikasuwa, na danna lambar Baba. Da na ji tana ƙara, wallahi sai na manta, ina jiran in ji ya ce "Wa ke nan?" yadda yake yi. Sai mace ta ɗauka. Ban yi sallama ba, ban gaishe ta ba, na ce, "Wa ya ba ki layin ubana?" Ta ce ta gane mu, mu ne 'yan damfarar da ke kiran mutane da labarin gado, ta ja mini Allah ya isa ta kashe. Na sake kira ta ƙi ɗauka. Alhaji yana tsaye yana jiran wayarsa, na miƙa masa na koma cikin shanu da kunya.

Hausarta irin ta wajenmu ce, ba ta kudu ba ce, ba ta Sakkwato ba. Na kuma ji ƙarar injin markaɗe a bayanta. Abin da na iya tsinta ke nan.

Shawarata, ku je ofishin kamfanin a Kazaure da layin da katin Baba, ko za su maido mana da lambar. In Baffa zai ƙara nemanmu, ta nan kaɗai zai bi.

Yayanki,
Musaddiƙ.

*

Gidan Jauro,
19 ga Mayu, 2024.

Yaya,

Bayan gaisuwa da fatan murar ta sake ka. Muna lafiya. An yi yayyafi shekaranjiya, bai isa shuka ba, amma ya kwantar da zafi. Inna ta fara cin abinci da na karanta mata gaisuwarka. Sauran ban karanta mata ba.

Haba Yaya. Tambaya na yi, ban ɗora maka komai ba. Na ce kai kake sa kati don ina ganin ka fi ni sanin yadda waɗannan abubuwa suke tafiya. In laifi ne ai nawa ya fi, ni da na bar batir ya gagare ni shekara guda. Da a gabanka na faɗa, da ka ga fuskata ba ka ɗauke shi haka ba. Ka yi haƙuri.

Mun je Kazaure ni da Sama'ilu a kan babur. Mutumin ofishin ya saurare ni har ƙarshe, ya yi mana ta'aziyya, ya duba kwamfuta. Ya ce lambar ta zama ta wani tun watan Janairu, da rajista da hoto da komai, ba su da ikon karɓewa, sunan mai ita ma doka ta hana su faɗa. Na ce ko garin da take? Ya girgiza kai. Na fito na zauna a kan dakalin ƙofar ofishin na yi kukana, Sama'ilu ya sayo mini ruwa.

Amma ka ji inda Allah ya kawo mafita. Washegari a makaranta ina ba abokiyar aikina Malama Bahijja labari, sai ta ce in karanto mata lambar. Tana da wata manhaja a babbar wayarta da ke nuna sunan da mutane suka ajiye lamba da shi. Muka hau tudu tare lokacin tara, abin ya yi ta juyawa yana juyawa har aka kaɗa ƙararrawa, sannan ya fito: "Abu Mai Mai Roni". Ka ga ya dace da injin markaɗen da ka ji. Mai man gyaɗa ce.

Na kira ta da wayata. Ina cewa "lambar nan ta mahaifinmu ce" ta kashe, yanzu ko shiga ba ta yi, Bahijja ta ce toshe ni ta yi. Don haka waya ta ƙare, sai ƙafa. Na ce zan je Roni ranar Lahadi mai zuwa. Inna ta ce ƙafarta ƙafata. Na kawo mata maganar gwiwa da nisan hanya, ta ce mace ba ta kashe waya a fuskar tsohuwa in tana zaune a tsakar gidanta.

Ka yi mana addu'a. In mun dawo zan tura saƙon tes ta wayar Alhajinku.

Zubaida.

*

Kara, Legas,
2 ga Yuni, 2024.

Zubaida,

Ina gaisuwa, ina fatan kuna lafiya, lafiya ta gaske. Ni lafiyata ƙalau yanzu, amma makon da ya wuce kin kusa kashe ni ba ki sani ba.

Motar Halliru ta lalace a Mokwa, ya yi kwana tara yana jiran kayan gyara, wasiƙarki ta 19 ga wata tana aljihunsa. Ni ban san da ita ba, ban san da wata Abu ba, ban san da Roni ba. Ranar Litinin da hantsi muna loda raguna sai Alhaji ya miƙo mini waya ya ce ga saƙo daga gida. Na karanta kin ce kun je kun dawo, hanya ta ba ku wuya, rana ta yi zafi, kun sami matar a gida tana aiki. Sai ƙarshensa: "Inna ta fadi". Daga nan ba komai.

Na zauna a ƙasa cikin kashin shanu. Ina Inna ta je? A ina ta faɗi, daga kan babur ko a tsaye? Na kira ki ya fi sau ashirin ba ya shiga. Na kira Malam Sama'ilu haka. Na haɗa jakata, na je na tambayi motar Kano. Alhaji ne ya riƙe ni ya ce in bari zuwa safiya. Da safe na sami hedimastanku a waya, ya ce ai ga Inna can ya wuce ta tana shanyar kuka a ƙofar gida. Ban gama tambayarsa ba layin ya yanke.

Sai ranar Laraba ragowar saƙon ya shigo shi kaɗai, kwana biyu bayan ɗan'uwansa: "komai da bakinta, matar ta yarda za ta taimaka." Ashe Inna faɗa mata magana ta yi. Alhaji ya yi dariya har da riƙe ciki. Ni ban yi ba sai da yamma. Don Allah nan gaba in saƙo zai yi tsawo ki raba shi da kanki, kada ki bar wa kamfani ya zaɓi inda zai yanka.

Jiya Halliru ya iso, na karanta wasiƙar, komai ya zauna. Ki yafe mini abin da na rubuta a baya. Ba ke ce kika ɗora mini laifi ba, ni ne na daɗe ina ɗauke da shi. Akwai abin da ba ki sani ba, kina makarantar kwana lokacin. Ranar da rigimar ta yi zafi, ni ne na je na tumɓuke shingen ƙayar da Baffa ya yi a fadama, ba wanda ya aike ni. Ya same ni a kai, bai ce mini komai ba, mutumin da ya koya mini kiran saniya da sunanta. Bayan kwana huɗu ya tafi. In Allah ya sa aka same shi, ki gaya masa na faɗi wannan da kaina.

Sallah saura mako biyu, kin san ba a barin kara a irin wannan lokaci. Motoci suna ta zirga-zirga yanzu, ki rubuto mini labarin Roni duka.

Musaddiƙ.

*

Gidan Jauro,
8 ga Yuni, 2024.

Yaya,

Muna lafiya, Inna tana tsaye da ƙafafunta. Da na karanta mata labarin saƙon da ya rabu biyu ta yi dariya har da hawaye, karon farko tun Afrilu. Ta ce a gaya maka ta gode da haɗa jaka. An yi ruwa mai kyau ranar Talata, mun shuka gero.

Ga labarin Roni. Mun isa da hantsi, muka tambayi 'yan acaɓa a tasha gidan Abu mai mai, uku suka nuna hanya ɗaya. Tun daga zaure ƙamshin ƙuli-ƙuli ya tare mu. Mace ce babba, za ta yi shekara hamsin, hannuwanta duk mai, tana matsar tunkuza a turmi, wayar tana rataye a wuyanta cikin 'yar jaka. Na kasa ɗauke idona daga jakar nan.

Inna ta yi sallama, ta nemi tabarma, ta sha ruwa, ta tambayi gida da sana'a. Ba ta ce komai a kan waya ba sai da ta ciro hoton Baba daga gefen zaninta ta ajiye a gabanta. Ta ce, "Wannan shi ne mai lambar da ke wuyanki kafin ke. Ba karɓa muka zo yi ba. Alfarma muka zo nema." Sannan ta ba ta labari tun daga fadama har zuwa ranar Sallah.

Abu ta saki aikinta ta zauna. Ta ce tun da ta sayi layin ba ta huta ba. Yau a nemi Baba da sunansa, Malam Muhammadu Lawal, gobe a tambaye ta kuɗin bijimi, wani ma ya gayyace ta ɗaurin aure a Gwiwa. Ga shi an taɓa yaudarar maƙwabciyarta ta waya, shi ya sa duk wanda ya kawo mata dogon labari take kashewa. Ta tuna kiranka, ta ce in gaya maka ka koyi sallama. Ta kuma tuna na ranar Sallah. Ta ce lamba ce doguwa irin ta Nijar, mutumin ya ce "Yaya?" da wata murya ƙasa-ƙasa. Ita kuma mai yana kan wuta, baƙi sun cika gida, ta sauke masa duk haushin watanni uku. Tana faɗa tana share ido da bayan hannu.

Na roƙe ta ta duba ko lambar tana nan. Ta ce waccan wayar ta faɗa cikin kaskon mai da azumin Sitta Shawwal, wannan sabuwa ce, layin kaɗai aka ceto.

Sai ta ciro wayar ta ce mu cire layin mu tafi da shi. Inna ta ƙi. Ta ce masu sayen manta daga Kazaure har Gwiwa da lambar suka san ta, ba za ta toshe wa wata hanyar abinci don ta buɗe tata ba, kuma a gidanmu ma sabis ba ya zama, a Roni ya fi samun shiga. Suka yi ta ja, a ƙarshe aka tsaya a kan cewa in ya sake kira Abu za ta ba shi haƙuri, ta ba shi lambata. Ba ta karatun boko amma ta san lambobi, don haka na rubuta tawa da gawayi manya-manya a bangon da ke fuskantar murhunta. Inna ta ce kada ta gaya masa rasuwar, ta ce masa kawai ita Hafsatu tana nemansa. Ta cika mana galan da mai da ƙullin ƙuli, ta raka mu har tasha.

Abin da ya rage shi ne ko zai kira. Wanda aka yi wa irin wannan korar, ni dai da ni ce ban san ko zan sake ba. Sama'ilu ya bar saƙo wurin dillalai a Babura ko wani zai gamu da shi. Inna ta ce ta san Daudu, yana da zuciya amma ba ya iya Sallah bai ji gida ba. Saura kwana takwas.

Saƙonka na shinge yana wurina.

Ƙanwarka,
Zubaida.

*

Gidan Jauro,
3 ga Yuli, 2024.

Yaya Musaddiƙ,

Barka da Sallah, da fatan kun gama kasuwar raguna lafiya kun huta. Muna lafiya, gero ya fito ya yi kyau, ana noman farko. Halliru ya ce har yanzu ana ce maka ka jira a kan layinka, Allah ya sa a buɗe. Na san kalma uku da na tura wa Alhaji sun iso, don na ƙirga su kafin in tura. Ga sauran.

Ranar Sallah daga idi na wuce tudu da tabarma da wayata cike da caji. Na yini a gindin darbejiya, aka kawo mini nama can. Ba kira. Da la'asar na kira Abu, ta ce ko wanka da wayar ta shiga, har ta hana masu yi mata barka da Sallah dogon zance. Na sauko, Inna ta dubi fuskata ba ta tambaye ni ba.

Washegari na koma. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya sai ga kiran Abu, tana haki. Ta ce, "Ya kira. Kada ki motsa daga inda kike." Na tura a kira Sama'ilu ya ɗauko Inna a babur.

Daga baya ta ba ni labarin yadda suka yi. Tana ganin doguwar lamba ta ɗauka ta ce, "Malam Daudu, don girman Allah kada ka kashe." Ta gaya masa ita ba 'yar gidan ba ce, mai man gyaɗa ce a Roni, kamfani ne ya sayar mata da lambar, zagin da ta yi masa ba da sunan kowa ta yi ba. Ta ce Hafsatu ta zo har gidanta da ciwon ƙafa tana nemansa. Ya ce ina Yaya Lawal. Ta ce Hafsatu za ta gaya masa. Sai ta ji yana salati a hankali. Ba shi da takarda ba shi da biro, ta karanta masa lambata daga bango sau uku, ya maimaita mata daidai.

Kiransa ya shigo Inna tana sauka daga babur. Ya yanke sau biyu, a na uku ya tsaya. Na riƙe mata wayar a kunne. Ta ce, "Daudu, yayanka ya riga mu, shekara da wata biyar. Ya bar maka magana, amma ba zan faɗa a iska ba. Ka zo gida." Ya ce to.

Kwana tara bayan nan ya iso, ya bar shanun a hannun babban ɗansa, ya biyo motar kasuwa ta Magarya zuwa Babura. Da rana tsaka muka ji sallama a zaure. Ya tsufa, Yaya, haƙoransa na gaba biyu babu. Bai zauna ba sai da Sama'ilu ya raka shi maƙabarta, suka daɗe. Da suka dawo Inna ta isar masa da saƙon Baba yadda aka ba ta, ba ta ƙara ba ta rage ba. Ya rufe fuska da rawaninsa. Daga baya ya ce shi ya yafe tun shekarar farko, kunyar dawowa ce ta riƙe shi, duk Sallah yana niyyar faɗa sai gaisuwa ta ƙare bakinsa ya ƙi buɗewa.

Na tambaye shi abin da ya sa ya sake kira bayan abin da aka yi masa. Ya ce, "Na ɗauka muryar gida ce. Na ce ko zagin ne in ƙara ji."

Na ba shi saƙonka. Ya ce ya tuna, kuma ya tuna ƙaya ta yaga maka hannu ranar, ya so ya ɗaure maka fushi ya hana shi. Ya ce yaro ne ka yi abin yara, a bar maganar. Gonar kuma ya ce ba zai karɓa a matsayin tasa shi kaɗai ba, bana tare za a noma ta. Ya riga ya sa mata dawa. Jumma'a mai zuwa zai je Roni da man shanu ya ga matar da ta zage shi, haka yake kiranta yana dariya. Bayan girbi zai koma ya taho da iyalinsa da shanun.

Abu ɗaya ban shirya masa ba. Jiya da sassafe ina gidan Inna tana tatsa, Baffa yana alwala a bayan zaure. Sai ya yi gyaran murya ya kira Muhsin da ke rarrafe wajen randa. Yaya, muryar Baba ce sak, har yadda yake jan ƙarshen suna. Inna ta tsaya da hannunta a kan nonon saniya, ba ta juya ba. Sannan ta ce in zuba wa Baffa madarar farko tun da ɗuminta, in kai masa a babbar ƙwaryar nan ta Baba da ta daɗe a rataye.

Ka nemi izini wurin Alhaji ko na mako guda ne. Ka zo ka ji da kunnenka.

Ƙanwarka,
Zubaida.